Tsarin filaye da makomar ruwan Gulbin Maradi

Malam Isufu, tsohon malamin gona, Maradi:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina so in kawo wata magana wadda nake ganin mun daɗe muna kewaye ta. Duk lokacin da aka tayar da zancen ruwan sha a garin nan, hankalinmu kan tafi ga famfo da foraj da kuɗin wata, mu manta da ƙasar da ruwan yake bi kafin ya iso bakinmu. Gulbin Maradi yana tasowa daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya shigo Nijar ta gundumar Madarunfa, ya wuce ta gefen Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, sa'annan ya koma Najeriya ya haɗu da kogin Rima. Watanni kaɗan yake gudu a shekara, amma a cikinsu ne yake shayar da yashin kwarin, kuma abin da yashin ya sha shi ne rijiyoyinmu da garakenmu suke ja har damina ta zagayo.

Birninmu yana bisa tudu, kwarin yana ƙarƙashinsa daga yamma, saboda haka duk abin da muka zubar a sama, da shara da ruwan wanki da ruwan marina da na mahauta, ƙasa zai gangara. Shawarata ita ce kowace ƙaramar hukuma da gulbin ya ratsa ta zauna da talakawanta ta fitar da taswirar filayenta, a nuna hanyar ruwa da iyakar inda ambaliya take kaiwa a hana gini a ciki, a kewaye kowace rijiyar jama'a da kowane foraj da tazarar da ba a haƙa salga ko tara juji ko yin feshi, a kuma bar itatuwa a kan tudun da ƙoramu suke farawa. Doka ba ta hana mu ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da muke kira COFO tun daga ƙauye har zuwa gunduma, kuma dokar ruwa ta 2010 ta tanadi kewayen kariya ga wuraren da ake ɗibar ruwan sha. Abin da ya rage shi ne a sauko da su daga takarda a kafa turaku a ƙasa. Ina neman ra'ayinku.

Laminu, ɗalibin ilimin ƙasa a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo:

Wa alaikumus salam Baba. Tarihin garin kansa yana goyon bayanka. Tsohon Maradi a cikin kwarin yake, kuma ambaliyar 1945 ce ta cinye shi har aka tayar da mutane aka mayar da su bisa tudu, aka yanka musu unguwanni da tituna miƙaƙƙu. Wato kakanninmu sun riga sun biya kuɗin wannan darasi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 260,000 a birnin, kuma kowa ya san yadda ya ƙara faɗi tun daga lokacin. Kowane sabon gida da aka rufa da kwano, kowane tsakar gida da aka shafe da siminti, yana rage wurin da ruwan sama zai nutse, sai ya taru ya bi titi da ƙarfi ya haƙa kwazazzabo. A ƙarshen watan Agustan 2024 ruwa na ƴan sa'o'i ya rushe gidaje ya kuma yi sanadin rasuwar mutane a cikin birnin nan, Allah ya jiƙansu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne tafkunan cikin gari da kududdufai da ake cikewa da shara da ɓaraguzai a yanka su a sayar. Wanda ya sayi irin wannan fili ya sayi mazaunin ruwa ne, kuma ran da ruwan ya dawo bai sami wurinsa ba, gidan maƙwabci zai shiga.

Alhaji Garba, mai garka, Jiratawa:

Malam Isufu, na karanta maganarka sau biyu, kuma da girmamawa ina ganin ka tsallake babban abu. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina a 1989, gulbin nan bai koma yadda iyayenmu suka san shi ba. A da yakan malala ya rufe fadama, ya bar laka mai kyau, mu shuka a kan danshi ba tare da taki ba, kuma gaba biyu ko uku ka haƙa ka tarar da ruwa. Yanzu sai da injin ban-ruwa da mai, kuma kowace ƴan shekaru sai an ƙara wa bututu tsawo. Madatsar da take riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 142 ba taswirar ƙaramar hukumar Jiratawa ce za ta buɗe ta ba.

Sa'annan ina so mu faɗa wa juna gaskiya a kan wanda zai yi asara. Idan aka ce a bar tazara a bakin gulbi, gonar wa za a yanka? Ta manomi ce, wanda gadon ubansa bai kai rabin eka ba bayan an raba tsakanin ƴaƴa. Mai kuɗin da ya sayi fili a hanyar ruwa ya zuba dutse da siminti yana da takardarsa da hatimi, ba wanda zai taɓa shi. Mun saba ganin tsari yana farawa da kyakkyawar niyya ya ƙare a wuyan mai fartanya.

Malam Isufu:

Alhaji, maganarka ta Jibiya gaskiya ce, ban kuwa tsallake ta don raini ba. Akwai yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 game da rabon ruwan da suke tarayya a kansa, kuma kogin Gada, wanda madatsar Jibiya take kansa, da Gulbin Maradi suna cikinta. Haƙƙinmu ne mu riƙa tuna wa hukumomi da ita, musamman batun sakin ruwa a kan lokaci da sanar da mutanen ƙasa kafin a saki. To amma wannan magana ce ta gwamnatoci biyu. Tambayata ita ce, ɗan ruwan da yake iso mana, yaya muke yi da shi? Ba mutanen Jibiya suke kwasar yashin cikin gulbin ba. Ba su suke nome gaɓa har bakin ruwa su sare kanya da tsamiyar da saiwoyinsu suke riƙe ta ba. Yashin nan da ake lodawa a amalanke da manyan motoci shi ne ma'ajiyar ruwanka, Alhaji, kuma idan aka zurfafa tsakiyar gulbin, ruwan gefe yakan tsiyaye ya bi shi, rijiyarka ta ƙara nisa. Raguwar ruwan da yake zuwa dalili ne na mu ƙara tsare wanda ya zo.

Batun wanda zai yi asara kuwa, shi ne ainihin muhawarar, zan dawo kansa idan sauran sun yi magana.

Nana Hadiza, ma'aikaciyar lafiya, Madarunfa:

Ina gaishe da iyayena da yayyena. Ni ta ɓangaren tsabtar ruwan zan shiga, domin mu ne muke karɓar abin da ya biyo baya. A 2018 cutar amai da gudawa ta ɓarke a jiharmu, ta fara ƙarfi a gundumar Madarunfa cikin damina, ta kama mutum sama da 3,000. Wanda ya ga yadda ake shigo da yaro idanunsa sun faɗa, fatar cikinsa idan ka tsunkula ba ta komawa, ba zai ƙara ɗaukar zancen salga da rijiya da wasa ba. A ƙauyukan kwari ruwa yana kusa, ƙasar kuma yashi ce mai saurin tsotsewa. Ka'idar da ake koyar da mu ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, ramin salgar kuma kada ya kusanci ruwan ƙasa. Amma na sha shiga gida in tarar da rijiya a jikin katanga, a bayan katangar kuwa salgar maƙwabci ce, kuma babu wanda ya yi haka da mugunta: kowa a cikin filinsa ya haƙa. Mutum ɗaya ba zai iya gyara wannan ba, sai an dube shi tun ranar da ake yanka filayen unguwa.

Akwai kuma maganin feshi. Alhaji Garba ya fi ni sanin yadda piya-piya da ire-irensa suke shigowa ta kan iyaka, da yawansu ba su da izinin kwamitin da yake tantance magungunan ƙwari a ƙasashen Sahel. Na ga yaro yana wanke tankin feshi a bakin rijiyar garka, ruwan wankin yana komawa gindin rijiyar, mata kuma suna jiran ya gama su ɗiba su kai gida. Takin zamani ma idan ya yi yawa yakan sauka cikin ruwan ƙasa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sinadarin nitirat a miligiram 50 a kowace lita, domin ya fi cutar da jarirai.

Ina roƙon duk tsarin da za a yi a haɗa shi da gwajin ruwa. Mutanen Tibiri ba su manta da foraj ɗin da aka fara sha a 1985 ba, wanda ruwansa yake ɗauke da sinadarin fulorayid fiye da miligiram 1.5 a kowace lita da aka yarda da shi nesa ba kusa ba, sai bayan shekaru da yawa aka gane, lokacin da haƙoran yara suka rine ƙafafunsu suka lanƙwashe. Wannan daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, ba daga shara ba, amma ya nuna mana cewa ruwa yana iya zama garau a ido alhali yana ɗauke da cuta.

Hajiya Rabi, Bagalam:

Ƴata Hadiza, Allah ya yi miki albarka. Ni ina cikin tsofaffin unguwannin da suke kallon kwari, kuma duk ruwan da ya taso daga saman gari ta ƙofarmu yake wucewa da ledoji da tsummoki da duk abin da ya tsinto. Ana yawan cewa mu mata ne muke zuba shara a magudanar ruwa, kuma ba zan musa ba, ana yi. Amma a nuna mini wurin da aka ware mana. Lokacin da ake yanka filaye an tuna da masallaci, an tuna da makaranta wani lokaci, juji kuwa ba a tuna da shi, ko kuma a ware shi a takarda daga baya ka ga an kewaye shi da katanga. Yarinya ta ɗauki kwandon shara da magariba, ina za ta kai shi in ba kwazazzabon da yake kusa ba? An yi dokar hana leda tun 2014, amma har gobe a cikinta ake ƙulla mana manja da gishiri da ruwan sanyi.

Malam Isufu, ina goyon bayan taswirarka da sharaɗi guda. Idan aka ja layi aka ce nan hanyar ruwa ce, waɗanda suka riga suka zauna a ciki, mafi yawansu ba su zaɓi wurin don so ba, nan ne ƙarfinsu ya kai. Kada a zo da jan fenti a shafa wa bangonsu a tafi. A fara nuna musu inda za su koma, kusa da kasuwa da makarantar ƴaƴansu, kafin a ce su tashi.

Malam Buba, makiyayi, Gidan Rumji:

Salamu alaikum. An yi maganar manomi da mai gida, ba a yi ta dabba ba. Idan kuka kewaye gaɓar gulbi da rijiyoyi da shinge, ina shanu za su sha? Dokar kiwo ta 2010 ta amince da haƙƙinmu na tafiya da dabbobi da isa ga ruwa, kuma burtali da mashaya dukiyar kowa ce da ba a nomawa ba a sayarwa. Duk da haka burtalin da a da garke biyu suke wucewa a jere, yau a wasu wurare saniya ɗaya ma sai ta goga jikinta a dawar wani. Ban ƙi a raba wurin shan mutane da na dabbobi ba, mu ma ba ma so ƴaƴanmu su sha ruwan da shanu suka tattake. A gina mana kwamin shayarwa nesa kaɗan da bakin rijiya, a bar mana hanyar sauka gulbi a wurare sanannu, a kafa musu turakun siminti. Kuma ku lura, burtali mai ciyawa yana tare ruwa da ƙasa kamar yadda kuke so itatuwa su yi. Inda aka matse shi, muguwar ciyawar nan garmani ta cinye sauran, nan ne ruwa yake samun hanya ya fara cin gonakin da suke gefe.

Mamman, masunci, Madarunfa:

Ina tare da Malam Buba a kan cewa kowa a sa shi cikin lissafi. Tafkinmu na Madarunfa duniya ta san da shi, yana cikin jerin wuraren dausayi na yarjejeniyar Ramsar, ga kaburburan waliyyai 99 da mutane suke zuwa ziyara. Amma mu da muke shiga da kwalekwale mun san yana cikewa. Wurin da gora take nutsewa duka a da, yanzu rabinta take shiga ta taɓa laka. Ƙasar nan daga gonakin tudu take zuwa, da wuraren da aka sare, kuma itacen girkin da ake kaiwa Maradi kullum daga dajin Baban Rafi da kewayensa yake fitowa. Don haka taswirar da za ta tsaya a bakin ruwa kawai ba ta gama aiki ba, sai ta hau tudu.

Malam Isufu:

Na gode muku duka. Bari in koma kan tambayar Alhaji Garba, domin idan ba a amsa ta ba, duk abin da muka faɗa zai tsaya a nan. Tazarar da nake nufi a bakin gulbi ba ƙwace ba ce. Gonar tana nan a hannun mai ita, da sunansa a takardar COFO, abin da zai sauya shi ne irin aikin da ake yi a wannan ɗan sashe: maimakon a kafta shi kowace shekara a yi masa feshi, a dasa mangwaro da gwaba da zogala, a bar ciyawar da za a yanka a sayar ko a ba dabbobi. Mai gonar ne zai fara cin amfanin, domin gaɓar da ba ta da saiwa ita gulbi yake fara ci, kuma kowa a nan ya san wanda ya kwana da gona ya tashi rabinta ta tafi Gidan Rumji.

Muna da hujja a gabanmu wadda ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Sassaben zamani a jihar nan ya fara, a wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, da manoman da ya yi aiki da su suka ga cewa kututturan da muke sarewa kowace bazara suna da rai, idan aka zaɓi ƴan rassa aka gyara aka bari za su zama itace. Da farko mutane sun ƙi, saboda suna ganin duk itacen da ya girma na jami'an gandun daji ne. Da manomi ya tabbata cewa gawo da kalgo da sabarar da ya kula da su nasa ne, shi zai sassabe shi zai sayar, sai abin ya bazu har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 a ƙasar nan, ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta gundumar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwansu da kansu. Wannan shi ne amsar Mamman ma: itatuwan gona a tudu, da ramukan tare ruwa irin su rabin wata da tassa a wuraren da ƙasa ta mutu, su ne suke rage ƙasar da take gangarowa tafki. Ina da yaƙinin cewa tsarin ruwa ma ba zai tsaya ba sai mai ƙasa ya ga ribarsa a ciki.

Alhaji Garba:

Malam, idan haka kake nufi, mun kusa haɗuwa. Ni kaina ina da zogala a gefen garkata kuma ba ta taɓa ba ni kunya a kasuwa ba. Amma ina nan a kan abu biyu. A rubuta a fili cewa sashen da na bari nawa ne da ƴaƴana, kada bayan shekara goma wani ya zo ya ce ai daji ne na hukuma. Kuma a fara da manya: a dakatar da yanka sababbin filaye a hanyar ruwa da cike tafkuna kafin a zo a auna gaɓata. Idan manoma suka ga an hana mai mota, za su yarda da igiyar awo. Maganar Nana Hadiza ta feshi kuwa na karɓa, kuma zan kai ta taron ƙungiyarmu ta manoman rani. Ware wurin wanke tanki nesa da rijiya da tara kwalaben magani a rami guda ba ya buƙatar jiran kowa.

Laminu:

Baba Alhaji, tambayar da ta rage ita ce wa zai sa hannu. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, don haka babu kansilan da za a tura ya kai kuka zauren majalisa. Amma hukumomin COFO na ƙauyuka suna nan, mai gari ne yake shugabantarsu, kuma dokar ta ba manoma da makiyaya da mata da matasa kujeru a ciki. Sarakunanmu na Katsinar Maradi da na Gobir a Tibiri, da hakimai da masu unguwanni, su ne mutane suke jin maganarsu a kan ƙasa. Ina ganin daga nan za a fara, a kai wa kantoma aikin da jama'a suka riga suka amince da shi. Mu ɗalibai za mu iya taimakawa da awo. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, sa'ad da alamar laka take nan a jikin bango da gindin itatuwa, a bi ta da waya mai nuna wuri tare da dattawan da suka san inda ruwa ya taɓa kaiwa a manyan shekaru, domin hoton tauraron ɗan'adam ba ya tuna abin da tsoho ya gani.

Nana Hadiza:

Yaya Laminu, idan za ku fita awo ku sa rijiyoyin jama'a da salgogin da suke kusa da su a cikin taswirar, ku kuma nuna waɗanda ambaliya take rufewa. Su ne za mu fara gwadawa mu zuba musu maganin tsarkake ruwa idan damina ta sauka. Ina so kuma a riƙa gwaji sau biyu a shekara, da rani da damina, a manna sakamakon a ƙofar gidan mai gari da Hausa, da boko da ajami, yadda kowa zai karanta.

Hajiya Rabi:

Duk na ji, amma akwai waɗanda ba mu ji bakinsu ba. Masu amalanken da suke kwasar yashi da masu buga tubali a bakin gulbi ƴaƴanmu ne, da wannan suke ciyar da gidajensu, kuma duk mai gini a cikinmu abokin cinikinsu ne. Malam Isufu, kafin a kai wa mai gari komai, a nemo shugabanninsu a zauna da su, a tambaye su ko akwai wuraren da za a iya ware musu su riƙa ɗiba, nesa da rijiyoyi da gadoji da gaɓar gonaki, da kuma watannin da ya kamata su dakata. Ni zan yi magana da na unguwarmu bayan sallar Juma'a, wani kuma ya ɗauki na wajen Tarna da Tibiri.